Amiru Gotik da Zakunan Birni

Da Amiru zai bar Sabon Birni zuwa Sakkwato, cewa ya yi za shi koyon gyaran waya. Gyaran waya dai bai biyo shi gida ba. Abin da ya dawo da shi shi ne wata tsohuwar kwamfutar cinya mai tsagaggen murfi, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da kuma baki. Bakin da ma da shi ya tafi, can dai aka ƙara wasa masa shi.

Ya kama rumfa a bakin tasha kusa da mai shayi, ya ɗora kwamfutar a kan tebur, ya sanar da duk mai kunne cewa daga yau sunansa Injiniya Amiru Gotik.

Mai shayi ya ce, "Injiniya mun sani. Gotik ɗin fa, ci akai ko sha?"

Amiru ya juyo masa da fuskar kwamfutar. Wasu baƙaƙen haruffa ne masu kauri, kowanne da ƙahonsa da ƙayarsa da wutsiyarsa, sun cunkushe da juna kamar an tara kunamu a cikin ƙwarya.

"Wanga shi na rubutun sarakuna," in ji Amiru. "Turawa ba su sa shi sai ga takardar digiri da goshin jarida. Da Alkalawa, birnin kakanninmu, ba ta faɗi ba, aradu da shi za a rubuta sunanta bisa ƙofa. Ku dubi allunan garin ga, rubutu ramamme awa wanda ya kwana da zawo. Ni za ni canza ma ƙasar ga fuska tun daga nan har Isa. In na gama, duk baƙon da ya shigo sai ya rage tafiya."

"Rage tafiya kam dole," in ji mai shayi yana fifita wuta, "tunda sai ya tsaya ya nemi mai fassara."

"Shi ake ce ma jan hankali. Ba ka yi karatun ba, ba ka ganewa."

Wadda ya fara gwada ilminsa a kanta ita ce yayarsa Saude, mai kiwon kaji a cikin gida. Ba ta nemi allo ba, don duk unguwa an san ƙofarta. Amiru ya nace, ya ce ɗan'uwan injiniya bai kamata ya zauna ba alama ba, har ta gaji ta ce ya yi.

Sai dai wanda ya ƙera Gotik, ko wane ne shi, bai taɓa jin Hausa ba, bai kuwa tanadi harafi mai ƙugiya ko ɗaya ba. Da Amiru ya danna Ƙ, sai wani ɗan akwati fanko ya fito a madadinta. Ya goge, ya sake dannawa, akwatin ya dawo. Ya karkata kai ya dube shi, ya ga ai ma ya yi kyau. Ya tura aikin ta waya zuwa wurin masu bugawa a Sakkwato, motar haya ta kawo shi a naɗe, ya je da kansa ya kafa a ƙofar gidan.

Masu karatun boko na unguwar suka taru, suka yi ta fama da ƙayoyin har suka tsinto abin da aka rubuta: ANA SAYAR DA WAI.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Saude da ma ba a taɓa kama ta da ƙarancin labari ba. Kafin la'asar mata sun fara sallama.

"Saude, an ce kin buɗe kanti. A ba mu wai na ɗari, mai zafi-zafi."

"Ni sari na zo yi. Wa anka gani da wa?"

Washegari da hantsi sai ga Saude a tasha, ƙyallen allon a naɗe a hannunta kamar taɓarya.

"Amiru, mi ka rubuta mani a ƙofa?"

"Ƙwai, Yaya."

"Ina Ƙ ɗin?"

"Ga ta nan cikin akwati. Kiret na, wato fasaha. Zanen zamani ba ya faɗin komi duka, shina barin mai kallo ya cika sauran da kansa."

"To cika wanga," in ji Saude. Ta zaro baragurbin da ta taho da shi musamman, ta fasa masa a tsakar ka. Ranar mai shayi bai yi ciniki ba, don ba wanda ya iya zama a bencin.

Amiru ya yi wanka, ya dawo ya ce kowane babban masani sai da danginsa suka fara ƙin sa. Amma ya ɗauki darasi ɗaya. Daga yau duk inda ƙugiya ta zo, zai sa ɗan'uwan harafin marar ƙugiya, shi ke nan an kashe maganar akwati.

A kan Baba Labbo wannan dabara ta faɗa. Baba Labbo maɗori ne da ke hanyar Tsamaye, dattijo mai furfura wanda ya gaji ɗorin karaya kaka da kakanni. Ba ya karatun boko, amma da ya ga allon da Amiru ya kai masa, baƙi ƙirin, haruffa tsaye kamar dogarai, ya ji daɗi har ya sa masa albarka. Aka kafa shi a bakin hanya inda kowace mota za ta gani: LABBO MAI GYARAN KASHI.

Kasuwa ta buɗe wa Baba Labbo, sai dai ba irin wadda ya sani ba. Aka kawo masa masu gudawa. Aka kawo masa wani da ya ce rabonsa da zagayawa tun ranar kasuwar da ta wuce. Wani maigida ya aiko a tambaya ko yana yasar masai, kuma da kayan aikinsa yake zuwa ko sai an tanada.

Amiru na cikin yi wa 'yan tasha bayanin bambancin Gotik mai ƙiba da Gotik mai matsakaicin jiki, sai ya ji sanda ta sauka a kan teburinsa.

"Ɗan nan," in ji Baba Labbo, "kakana ya ɗora ƙafar mahaya. Ubana ya ɗora hannun 'yan kokawa. Ni yau da asuba wani ya yi mani sallama da kwano a rufe, wai in duba in gaya mashi abin da ya lalace."

'Yan tasha suka dafe ciki. Wani ya faɗo daga kan benci.

"Baba, a yi haƙuri. Ƙugiya ɗaya ta tal ta rage."

"Ɗaya tal?"

"Ɗaya tal, Baba."

"To miƙo ƙafarka ɗaya tal in karya, in ya so in yi maka irin gyaran da ka rubuta."

Amiru bai miƙa ba. Ya bi ta bayan rumfar mai shayi, bai dawo ba sai da aka tabbatar masa tsohon ya hau babur.

Wani da ya sha wannan zai nemi wata sana'a. Amiru cewa ya yi laifin Hausa ne da ta cika ƙugiyoyi kamar shagon mahauci. Ya shiga neman aikin da babu ƙugiya a cikinsa, ya kuwa samu wurin Is'haƙa direba, mai bas ɗin da ke jigila tsakanin Sabon Birni da Isa. Ya lallashe shi ya manna masa sunayen garuruwan biyu a saman gilashin gaba, manya-manya.

To, S ta Gotik ba ta da maraba da G sai a wurin wanda ya haife ta. Motar ta fito tasha da safe tana shelar GABON BIRNI.

Wani bawan Allah daga Nijar, wanda ya tsallako da jakarsa da niyyar tafiya neman kuɗi can ƙasar Gabon, yana ganin motar ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah da ya taƙaita masa wahala. Da ya ji kuɗin motar kuwa sai da ya ƙara godiya. Ya shige can baya ya gyara zama irin na mai doguwar tafiya. Aka iso Isa, kowa ya sauka, shi ko gezau.

"Malam, an iso," in ji Is'haƙa.

"Mushe shofer," ya kira direban irin yadda ake yi a Nijar, "nan ta Gabon? Ina tekun?"

"Wane teku? Nan Isa ta."

"Ni ban biya kuɗin Isa ba. Abin da ag ga gilas shi na biya."

Rigimar ta kai su har azahar. A hanyar dawowa kuma masu kaki na shingen hanya suka tsayar da motar, suka ce tunda ta zama ta ƙasa da ƙasa, a fito da takardun ƙetare iyaka. Is'haƙa ya iso Sabon Birni da yamma ba fasinja, yana kankare gilashi da reza yana ambaton sunan Amiru da wasu kalmomi da ba a rubutawa ko da Gotik.

"Ka ga halin mutanenmu," in ji Amiru daga nesa kaɗan. "Na ɗaga motarka daga ta ƙauye zuwa ta duniya, ko na gode babu."

Ana cikin haka wasan ƙarshe na gasar ƙwallon matasa ya matso. Ƙungiyar Zakunan Birni ta Sabon Birni za ta je Isa ta kara da 'yan can, an sa kofi da bijimi. Shekaru ke nan 'yan Isa na cin su suna yi musu waƙa, bana kuwa Zakuna sun yi rantsuwa ba za su dawo hannu sake ba. Wani ɗan kasuwa ya saya musu sababbin riguna farare fat, saura a buga suna da lamba.

Kyaftin ɗinsu Muntaka ɗan kawun Amiru ne, abokin wasansa. Amiru ya tare shi a hanyar fili.

"Taubashi, ka ba ni rigunan ga."

"In ba ka? Don a ce muna Gabon?"

"Tsaya ka ji. Zakunan Birni. Duba da kyau, akwai ƙugiya?"

Muntaka ya lissafa haruffan da yatsa. "Babu."

"Akwai S?"

"Babu."

"To ina abin tsoro? Kyauta za ni yi maku. Manyan ƙungiyoyin Turai da wanga rubutu suka tsorata abokan gaba. In kunka fito da shi ga ƙirji, ɗan Isa ba ya iya haɗa ido da ku. Kafin a busa usur kun ci ɗaya."

Kalmar kyauta ta yi aikinta. Muntaka ya ce amma sai ya ga samfuri tukuna. Amiru ya ce sirrin yaƙi ba a nuna shi a kasuwa, rigunan daga Sakkwato kai tsaye za su wuce filin wasa.

Haka kuwa aka yi. Filin Isa ya cika ya batse, masu rake da masu ruwan sanyi na ta kai da kawo, 'yan Sabon Birni sun zo mota-mota da kalangu. Har alƙalin wasa ya fara duba agogo sannan buhun rigunan ya iso. 'Yan wasa suka zura su a gurguje a bayan mota, ba wanda ya tsaya karatu. Amiru kuwa ya riga ya ƙwace lasifika daga hannun mai sanarwa.

"Jama'ar Isa da baƙinmu! Abin da za ku gani yanzu, ba a taɓa ganin irinsa ba daga nan har bakin iyaka. Aikin Injiniya Amiru Gotik na. Duk mai raunin zuciya ya kau da kai!"

Zakuna suka shigo a jere, ƙirji a gaba, suka tsaya suna fuskantar magoya bayan Isa. Filin ya yi tsit. Amiru ya lumshe ido, ya ce a ransa tsoro ne ya kama su.

A sahun gaba akwai Yero, wani mahauci mai murya kamar ganga, shi ne shugaban magoya bayan Isa. Ya taso, ya matso, ya kare rana da tafin hannu. Z ta Gotik ta tsaya a ƙirjin Muntaka da lanƙwasasshen kai da doguwar wutsiya ta sauko ƙasa. Yero ya fara haɗa baƙi da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ja... ku... nan... Birni."

Ya waiwaya ya dubi mutanensa. "Jama'a, ku taya ni gani. Jakunan Birni!"

Abin da ya biyo baya, an ce har a kasuwa an ji shi. Rabin fili ya ɗauki kukan jaki. Masu rake suka bar rake suna birgima. Kafin ka ce kwabo wani ya kwanto jaki na gaske daga amalanke, ya jawo shi ya ɗaure a bayan ragar Sabon Birni, wai ya zo kallon 'yan'uwa.

"Z ta!" Amiru ya yi ta ihu a lasifika. "Z ta zaki! Ku buɗe idonku!"

"In Z ta," in ji Yero, "mi ya kai ta fidda wutsiya?"

Amiru ya juya wajen mutanen garinsu neman agaji. Wani dattijo daga cikinsu ya ajiye sandar kalangu ya girgiza kai. "Ɗana, ba don in kunyata ka ba, ni ma ja nika gani."

Muntaka ya dubi ƙirjinsa, ya ɗago ya dubi Amiru, ya nuna shi da yatsa. Babu wasu rigunan, lokaci kuma ya yi, haka aka busa usur.

Haushi ya sa Zakuna suka yi wasa kamar za su ci ƙasa. Duk wanda ya taɓa ƙwallo a cikinsu sai fili ya yi masa kuka, amma suka daure, har Muntaka ya zura ɗaya a raga. Amiru ya yi tsalle ya ce, "Kun gani? Gotik ta fara aiki!"

Bayan an dawo hutu, wani ɗan bayan Zakuna mai lamba sha bakwai ya yi ƙeta, alƙali ya ba shi katin gargaɗi ya rubuta lambarsa. Can kuma Muntaka, mai lamba sha ɗaya, ya ja rigar wani. Alƙali ya kira shi, ya juya shi ya dubi bayansa, ya dubi abin da ya rubuta ɗazu, sai ya zaro katin gargaɗi ya bi shi da ja.

"Ja kuma? Na farko ke nan!" in ji Muntaka.

"Na biyu. Sha bakwai, ga shi na rubuta."

"Ni sha ɗaya na!"

Alƙali ya sake juya shi. Ya kira ɗan bayan, ya jera su biyun kamar awaki a kasuwa. Lambobin duk sun yi ƙaho sun yi ƙafa, ba ka ce ga ɗaya ga bakwai. Mataimakan alƙali suka zo, ɗaya ya ce sha bakwai ne duka biyun, ɗaya ya ce shi kunamu yake gani suna faɗa. Daga ƙarshe alƙali ya ce a kira wanda ya rubuta, duk abin da ya faɗa shi ke nan.

Amiru ya ratso fili yana taku ɗai-ɗai, jama'a duk sun zuba masa ido. Ya tsaya a bayan 'yan wasan biyu. Ya gyara tabarau. Ya matsa kusa, ya ja da baya. Ya cire tabarau ɗin ya goge da bakin riga, ya mayar. Gumi ya fara tsatso masa.

"Faɗi mana, taubashi," in ji Muntaka ta cikin haƙora. "Wace ce sha ɗaya?"

"To... wato... ya danganta da inda mutum ya tsaya."

Alƙali ya ɗaga jan katin sama ya nuna wa Muntaka hanyar waje.

Da kyaftin ya fita, Zakuna suka watse. 'Yan Isa suka rama, suka ƙara, suka sake ƙarawa, jakin bayan raga na taya su da nasa kukan. Aka busa tashi, kofi da bijimi suka zauna a Isa. 'Yan wasan Sabon Birni suka tuɓe rigunan za su jefar, sai suka tarar tawadar mai araha ce, zufa ta narkar da ita ta ratsa yadi. Kowannensu na ɗauke da sunan a fatar ƙirjinsa, baƙi ƙirin.

"Ina Amiru?" in ji Muntaka.

Amiru ya riga ya ba ƙafa iska. Ƙungiya guda ta bi shi ba riga, magoya baya na biye da sandunan kalangu. Ya nufi ƙofa ya ga an tare, ya yi kwana, bai sami wurin shiga ba sai tsakiyar 'yan Isa. Ya rufe ido yana jiran duka, sai ya ji an sure shi sama. Matasan Isa ne suka ɗora shi a kafaɗa suna zagaya fili da shi suna waƙa, "Gotik! Gotik! Kai ka ci muna kofi!"

Da ya ga ba mai iya kai hannu gare shi, sai ya gyara zama a kan kafaɗun, ya fara ɗaga wa jama'a hannu. Yero ya ratso ya miƙa masa tsire mai zafi a takarda.

"Injiniya, Allah ya ƙara basira. Muna da wasa da 'yan Shinkafi bayan Salla. Ka je ka lallashe su ka yi masu riguna, ko nawa na mu za mu biya."

Amiru ya hango Muntaka can bayan taro yana huci, ya ɗaga murya yadda zai ji. "Taubashi, ka gani? Ku kunka raina ni, ga shi aiki ya fara zuwa daga waje!"

Sannan ya sunkuyo wajen Yero, bakinsa cike da tsire, ransa fari ƙal.

"Kun san darajar ilimi, mutanen Isa. Don haka ku ma za ni yi maku naku rigunan, kyauta."

Waɗanda ke ɗauke da shi suka dubi juna, suka sake shi a lokaci ɗaya. Ya faɗo tim, tsire ya watse a ƙasa, taron ya dare gida biyu, ya bar hanya fetal tsakaninsa da Muntaka.